Hoton hasumiyar Jamestown: da asuba ya fi kyau ko da yamma?

Dan_Kurmi:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa ma'abota ɗaukar hoto. A watan Mayun da ya wuce na je Accra kan wata hidimar kasuwanci, na sauka wurin wani ɗan'uwana a Nima, kuma da yake ban taɓa ganin teku da idona ba sai a wannan tafiyar, na ware yammaci biyu don in ɗauki hoton hasumiyar fitilar jiragen ruwa ta Jamestown, wadda aka yi wa fenti ja da fari. Abin da na ƙudurta a raina shi ne in samu hasumiyar a gefe guda, rana kuma tana nutsewa cikin ruwa a bayanta. Hakan bai samu ba. Rana ta faɗi ta bayan rufin gidaje ba ta ko kusanci ruwa ba. A hotunan da sama ta fito da launinta hasumiyar ta yi baƙi ƙirin, a waɗanda hasumiyar ta fito kuma sama ta yi fari fat, sannan kafin in gama daidaita kyamara duhu ya rufe ni. In Allah ya yarda zan koma a watan Disamba. Ni dai tun da na fara wannan harka nake jin ana cewa hoton teku na faɗuwar rana ne, don haka ina neman waɗanda suka san gaɓar su faɗa mini: kuskurena a saitin kyamara yake, ko kuwa lokacin ne ban dace da shi ba?

Baban_Sabon_Zango:
Wa alaikumus salam, Malam Dan_Kurmi. A Accra aka haife ni, kuma ina tabbatar maka cewa laifin ba na kyamararka ba ne, na taswira ne. Gaɓar tekun Ghana kudu take kallo, kuma daidai Accra ta ɗan karkace, ta taso daga kudu maso yamma ta miƙa arewa maso gabas. A watan Mayu da Yuni rana ta karkata arewa, don haka a kan gari take faɗuwa, kuma ko shekara goma ka yi kana zuwa a wannan watan ba za ka gan ta ta taɓa ruwa ba. A Disamba tana komawa kudu iyakar komawarta, sai ta faɗi kusan a kan layin gaɓar, wajen unguwar Chorkor. Hudowarta kuwa a wannan lokacin daga cikin teku take, tsaf. Saboda haka amsata ita ce ka je da asuba. Ka sauka ƙasa wajen kwalekwalen masunta, ka ba gabas baya, hasken farko zai bugi jikin hasumiyar, jan ya fito ja, farin ya fito fari, kuma matsalar baƙin da ka yi kuka da ita ta kau da kanta.

Injiniya_Zazzau:
Ina goyon bayan Baban_Sabon_Zango, kuma zan ƙara da lissafi, domin shi ne ya bayyana dalilin da ya sa duhu ya riske ka. Rana tana tafiyar digiri 15 a sa'a guda, wato digiri ɗaya cikin minti huɗu, faɗinta kuma a idonmu kusan rabin digiri ne. Accra tana digiri biyar da rabi ne kawai arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka rana a miƙe take sauka ba a karkace ba, kuma daga sa'ad da gindinta ya taɓa layin ruwa zuwa sa'ad da ta ɓace gaba ɗaya bai wuce minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi ba. Hasken da ke saura bayan haka, wanda ido ke iya aiki da shi, minti ashirin da ɗoriya ne. Hotunan hasumiyoyin Ingila da Norway da muke gani a intanet an ɗauke su ne a inda almuru kan yi tsawo ƙwarai a lokacin zafinsu, mai ɗaukar hoto ya canza wuri sau uku yana da sauran haske. Mu ba mu da wannan sararin. Dole ne mutum ya je wurin da rana tsaka kwana ɗaya kafin ranar, ya zaɓi inda zai tsaya, ya san abin da zai shiga hoton da abin da zai bari a waje.

Hajiyar_Nima:
Akwai abin da ba a ambata ba tukuna, kuma a wurina ya fi lissafin digiri muhimmanci ga wanda zai je Jamestown. Masuntan gaɓar nan ba sa fita teku ranar Talata, al'ada ce da suka gada kaka da kakanni. Idan kana son ka ga kwalekwale jere reras a bakin ruwa, da tutocinsu da rubuce-rubucen da ke jikinsu, maza suna zaune suna ɗinkin taru, to ranar Talata za ka je. Idan kuwa hada-hadar saukar kifi kake so, mata da manyan kwanonin silba a ka suna jiran kwalekwale, to ka zaɓi wata rana. Sannan ina roƙonka, ɗan'uwa, ka yi gaisuwa kafin ka ɗaga kyamara. Mutanen wurin sun gaji da baƙin da ke zuwa suna ɗaukarsu kamar su ma kayan tarihi ne. Ka je da wanda yake jin Ga, harshen mutanen wurin, ka nemi izini, wadda ta ce a'a ka ƙyale ta.

Dan_Kurmi:
Na gode, Hajiya, kuma na karɓi wannan gyaran, domin a gaskiya ban nemi izinin kowa ba a zuwana na farko, daga nesa na tsaya. Baban_Sabon_Zango, bayanin alkiblar gaɓar ya warware mini abin da ya dame ni wata da watanni. Sai dai har yanzu raina yana kan hoton hasumiya da rana tare a cikin hoto ɗaya.

Maiduguri_Foto:
Ni ban yarda cewa hasumiyar da ta fito baƙa kuskure ba ce. Siffar hasumiya ita ce kyanta, dogon jiki da ɗan ɗaki a ƙoli da shingen ƙarfe kewaye da shi, kuma wannan siffar ta fi fitowa sarai idan ta yi baƙi a gaban jan sama. Abin da ke ɓata irin wannan hoton shi ne cunkoso: idan wayoyin lantarki da rufin kwano da turakun fitilu suka haɗe da jikinta, sai komai ya zama dunƙule ɗaya. Ka durƙusa ƙasa har sai ka ga sama tsantsa a bayanta, ka auna haske a gefen da ya fi haske na sama ba a jikin ginin ba, ka bar ta ta yi baƙinta da gangan. Wanda waya ce a hannunsa ya danna yatsa a kan sama, ya riƙe har ta kulle, sannan ya ja hasken ƙasa kaɗan.

Injiniya_Zazzau:
Maganar Maiduguri_Foto gaskiya ce idan siffa ake so, amma wanda ke son fenti da sama duka su fito yana da hanya. A kafa kyamara a kan mariƙi mai ƙafa uku, a sa ISO, wato ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara, a 100, ƙofar haske a f/8 ko f/11, a ɗauki hoto uku ba tare da an motsa ta ba, ɗaya daidai, ɗaya da duhu, ɗaya da haske, a haɗa su a kwamfuta. A ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, domin shi ne ke ba da damar farfaɗo da wuraren da suka yi duhu. Game da burin Malam Dan_Kurmi na rana da hasumiya tare kuwa, ga abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba: girman rana idan aka gwada ta da gini nisan da ka tsaya ne ke yanke shi, ba tsawon gilashin kyamara ba. Ka raba nisanka da 110, abin da ya fito shi ne faɗin rana a jikin ginin. Hasumiyar Jamestown tsawonta mita 28 ne. Daga nisan mita 100 rana ba ta kai mita ɗaya ba a gefenta, ɗigo ce kawai. Daga kilomita ɗaya takan kai kusan mita 9, sai ka yi nisan kilomita uku kafin ta yi daidai da tsawon hasumiyar. Aikin dogon gilashi, na milimita 200 ko 400, shi ne ya jawo su biyun kusa su cika hoton. Ina kuma gargaɗi da babbar murya kada kowa ya kalli rana ta ramin leƙen kyamara da irin wannan gilashin, a yi amfani da allon baya.

Ummu_Sawakin:
Assalamu alaikum. Ina karanta muhawarar nan sai na ga ashe kowa da irin tekunsa. Mu da muka tashi a gabashin Sudan ba mu san faɗuwar rana a ruwa ba, domin Bahar Maliya gabas take da mu, rana daga cikinta take fitowa ta faɗi bayan duwatsu. Kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 nakan je tsibirin Sawakin da sassafe, inda gine-ginen da aka yi da dutsen murjani suka zube, kuma hasken farko yakan mai da su launin zuma na ɗan lokaci kafin su koma fari. Ta wannan mashigar kakanninmu da yawa da suka taso daga ƙasar Hausa suka tsallaka zuwa Jidda, shi ya sa duk hoton da na ɗauka a wurin nake sa ruwan ya fi ginin yawa. A tsallake kuma abin juyawa yake: a Jidda rana cikin teku take faɗuwa, duk wanda ya tsaya a bakin ruwan garin da yamma ya gani. Don haka tambayar asuba ko yamma ba ta da amsa sai an faɗi wace gaɓa ake nufi.

Alhaji_Tudun_Wada:
Hajiya Ummu_Sawakin ta tuna mini. Akwai wata hasumiya a tashar jiragen ruwan Jidda da ta haura mita 130, tana cikin mafiya tsawo a duniya, amma a cikin harabar tashar take, sai dai hange daga nesa. Wannan ne ya kawo ni ga jan kunnen da nake so in yi wa matasanmu. Tashar masunta daban, tashar manyan jiragen kaya daban. Tun da aka fara aiki da dokar tsaron tashoshin jiragen ruwa ta duniya a 2004, irin su Apapa da Tema ba wuraren da mutum zai shiga da kyamara haka kawai ba ne. Na taɓa tsayawa a wajen katangar wata tasha da ba zan ambata ba, ina ɗaukar injinan ɗaga kwantena a gaban jan sama, masu gadi suka tsare ni fiye da sa'a biyu, sai da na goge hotunan a gabansu. Ban ga laifinsu ba, aikinsu suke yi. Wanda ke son irin wannan hoton ya nemi izini a rubuce, haka ma wanda ke da niyyar tayar da jirgi marar matuƙi.

Dan_Agege:
Mu a Legas gaɓarmu kusan a miƙe take daga gabas zuwa yamma, don haka daga Oktoba zuwa Fabrairu rana na fitowa ta kuma faɗi ta ɓangaren ruwa, sai dai a gefe, ba gaba da gaba ba. Muna da tsohuwar hasumiya wajen Tarkwa Bay, amma sai da jirgin ruwa ake isa wurin, kuma duk wanda ya tsaya jiran faɗuwar rana ya tabbata ya yi magana da mai jirgin da zai dawo da shi tun da wuri. Abin da na fi so a can ba hasumiyar ba ce, jerin jiragen kaya ne da ke tsaye a nesa suna jiran layin shiga tasha, idan suka kunna fitilunsu sama kuma ba ta gama yin duhu ba.

Malamin_Islamiyya:
Ina da wata damuwa da ban ga an taɓo ba. Lokacin da Dan_Agege yake magana a kai, da minti ashirin ɗin da Injiniya ya lissafa, shi ne dai lokacin sallar magariba, wadda kowa ya san lokacinta ƙurarre ne. Jan da ke saura a yamma bayan rana ta ɓace shi ne shafaƙin da muka karanta a littattafan fiƙihu, kuma a ganina ya fi faɗuwar ranar kanta kyau a hoto. Asuba ba ta da wannan cin karon. Tsakanin ketowar alfijir da hudowar rana akwai fiye da sa'a guda, mutum ya yi sallarsa a natse, ya ɗauki jakarsa, ya isa bakin ruwa gari bai gama wayewa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa in zaɓa wa Malam Dan_Kurmi asuba.

Maiduguri_Foto:
Allah ya saka da alheri, Malam. Abin da nake yi shi ne in yi alwala tun kafin rana ta yi ƙasa, in kafa kyamara, in saita ta tana ɗauka da kanta duk bayan daƙiƙa goma, in shimfiɗa sallaya a kan busasshen yashi kusa da ita. Hoton da na fi so cikin duk waɗanda na ɗauka a Kribi ta ƙasar Kamaru ta haka ya samu, ina sallama na duba na tarar sama ta koma ruwan goro a bayan ƙaramar hasumiyar da Jamusawa suka gina a 1906. Amma ba na yin haka sai ina da abokin tafiya, ko kuma wurin ba shi da cunkoso.

Hajiyar_Nima:
Tunda Disamba zai zo, a gaya masa maganar hazo. Iskar hunturu tana isowa har bakin teku tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma a ranar da ƙura ta yi kauri rana ba ta fitowa daga layin ruwa, sai ta ɗaga sama sosai sannan ka gan ta kamar faifai, ja-ja ba ƙarfi.

Baban_Sabon_Zango:
Haka ne, Hajiya, amma ni hazon nan ina son sa. Yana kashe kaifin rana har kyamara ta iya ɗaukar ta da kwalekwalen da ke ƙarƙashinta a hoto ɗaya ba tare da dabarar hoto uku da Injiniya ya kawo ba. Abin da ake rasawa shi ne shuɗin sama da launin gajimare. Idan Dan_Kurmi yana da zaɓi, farkon Disamba ya fi ƙarshensa. Sannan in ƙara masa da cewa wurin ba hasumiya kaɗai ba ne. Wadda ke tsaye yanzu ta shekarun 1930 ce, ta maye gurbin wata ta 1871, kuma dab da ita akwai James Fort, ganuwar da Turawan Ingila suka gina a 1673, inda aka tsare Kwame Nkrumah kafin a sake shi a 1951. An kuma buɗe sabuwar tashar masunta a ƙasan wurin a 2024, don haka tsofaffin hotunan da zai gani a intanet ba lallai su nuna masa inda ake tsayawa yanzu ba. Idan kuwa ya nace sai ya ga rana ta shiga ruwa a Ghana, ya daure ya yi tafiya zuwa Cape Three Points, can ƙuryar kudu ta ƙasar, inda ƙasa ta kutsa cikin teku kuma akwai hasumiya ta 1925 a kan tudu. A Disamba daga nan ana ganin fitowar da faɗuwar duka a kan ruwa. A hanya ya tsaya Elmina, ya hau tudun da ganuwar St. Jago take da sassafe, ya kalli bakin tafkin Benya cike maƙil da kwalekwale.

Yar_Damagaram:
Ni tambaya ce da ni. Na yi karatu a Dakar, na sha hawa tudun Mamelles inda hasumiyar 1864 take, kuma a can faɗuwar rana a teku ba sai an neme ta ba. Abin da ya gagare ni shi ne ɗaukar hasken fitilar kanta yana share sama. Ko dai hoton ya fito babu hasken, ko kuma ƙolin hasumiyar ya zama farin dunƙule.

Injiniya_Zazzau:
Malama Yar_Damagaram, kowace hasumiya tana da nata tsarin walƙiya, da shi matuƙan jirgi ke bambance ta da sauran cikin dare. Ki tsaya ki ƙirga daƙiƙoƙin da ke tsakanin walƙiya da walƙiya kafin ki taɓa kyamara. Idan kika bar ta a buɗe daƙiƙa ashirin ko talatin, hasken zai zagaya ya shafe kansa, ya bar wannan dunƙulen da kika gani. Ki rage zuwa rabin daƙiƙa ko daƙiƙa ɗaya, ki ɗaga ISO zuwa 1600 ko sama, ki ɗauka sa'ad da hasken ya ba ki gefe ba sa'ad da ya fuskance ki ba. Sai akwai ƙura ko raɓa a iska sandar hasken ke fitowa, don haka a nan ma hazon da Hajiya ta ambata yana da amfani.

Dan_Agege:
Kafin a wuce, a kula da kaya da kuma rai. Iskar teku gishiri ne da ita, cikin rabin sa'a za ka ga gilashi ya yi dishi-dishi, kuma idan ka goge shi da gefen riga yashin da ya manne zai karce shi. A fara hure shi, sannan a goge da tsumma mai laushi. Kyamarar da ta kwana a ɗaki mai na'urar sanyi kuma tana fitowa waje za ta yi gumi, don haka a fito da ita da wuri a cikin jakarta. Ƙafafun mariƙi suna nutsewa a jiƙaƙƙen yashi duk sa'ad da igiyar ruwa ta ja baya, a danna su sosai, a wanke su da ruwan famfo idan an koma gida. Cikar teku da janyewarta sau biyu ne a yini, lokacin kuma yana matsawa gaba da kusan minti hamsin kullum, saboda haka dutsen da ka tsaya a kai jiya a bushe yana iya kasancewa cikin ruwa yau. Tekun nan namu yana da ja, kada wanda bai saba da shi ba ya ba shi baya yana duban allon kyamara.

Dan_Kurmi:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Yanzu shirina shi ne in isa ranar Litinin, in zagaya wurin da rana tare da ɗan'uwana da ke jin Ga, in koma asubar Talata don kwalekwalen da ke jere, asubar Laraba kuma don saukar kifi. Sai dai maganar Maiduguri_Foto ta sa na koma kan hotunan Mayu, na samu guda biyu da hasumiyar ta fito baƙa ba tare da waya ta ratsa ta ba, kuma yanzu ina ganinsu da wani ido daban. Zan ba yammaci ɗaya dama. Injiniya, idan ina son rana ta fito a bayan hasumiyar da asuba, ke nan yamma da ita zan tsaya, a cikin gari. Akwai wanda ya san wani bene ko fili a wannan ɓangaren da ake hango ƙolinta daga nisan kilomita guda?

Baban_Sabon_Zango:
A Disamba ba yamma sak za ka tsaya ba, yamma maso arewa kaɗan ne, tunda rana daga kudu maso gabas za ta ɓullo. Wannan ɓangaren gidaje ne a cushe har zuwa bakin tafkin Korle, don haka sai an hau sama. Akwai wani abokina mai shagon ɗinki a wajen, gidansu bene ne, zan je ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci in hau in duba ko ƙolin yana fitowa ta saman rufin maƙwabta, in ɗauko maka da waya ka gani.